Ƙwai Ɗaya, Baki Uku

Shekarar da damina ta yi mana rowa, masarar da muka rataye a ɗakin hayaƙi ba ta kai mu ko tsakiyar rani ba, a shekarar ne gwamnati ta tuna da yaranmu.

Sunana Orpa. Ni ke awon yara a ƙauyenmu na kan duwatsun Timor tun ina da haƙorana duka. Aikin sa-kai ne, abin da ake ba mu bai wuce na sabulu ba. Duk wata sai mu rataya sikeli a reshen tsamiyar ƙofar ɗakin taro, mu saka yaro cikin zane yana wutsil-wutsil, mu kwantar da shi a kan katako mu auna tsawonsa. Ungozomar asibiti, Ibu Welmince, ta zo a babur ta duba, ta tafi da sakamakon birni. Shekara da shekaru muna haka, ba mu taɓa ganin abin da ya dawo mana ba in ban da sabon zanen sikeli.

Ran nan ta iso tana murmushi tun kafin ta cire hular kwano.

"Mama Orpa, wannan karon ba awo kaɗai ba ne. An kawo shiri. Duk yaron da awo ya nuna ya tsumbure, zai samu dafaffen ƙwai da ɗan abinci mai kifi ko nama, kullum, har wata uku."

"Kullum kika ce?"

"Har ranar Lahadi."

"To mintsine ni, 'yar nan, ko mafarki nake."

Ta yi dariya, sannan ta zayyano sharuɗɗan. Sai yaron da bai cika shekara biyar ba. Shi kaɗai zai ci. A gabana zai ci, in ɗauki hotonsa da waya in aika birni kafin rana ta take. Ta karanto mini sunayen yaran da aka zaɓa, na ji har da Elkana, autan Selfina.

Selfina ba ta kai talatin ba, amma wahala ta mayar da ita kamar sa'ata. Mijinta Nimrot yana can tsibirin Kalimantan a gonakin kwakwar manja, yana aiko da abin da ya samu in ya samu. 'Ya'yanta uku: Yabes babba, Tirsa mai bi masa, sai Elkana da bai jima da fara tafiya ba.

Na ce, "Yabes da Tirsa fa? Yaron nan ya kusa shekara goma, amma in kin gan shi sai ki ce shida."

"Sun wuce biyar, Mama. Su na ma'aikatar ilimi ne."

"Au, ciki ma ma'aikata gare shi?"

"Ai an ce za a fara ba da abinci a makarantu."

"An ce. Rediyo dai ya ƙoshi da abincin nan, mu ko cokali ba mu gani ba."

Duk da haka na yi murna, ba zan ɓoye ba. Wanda ya daɗe yana awon yara suna ramewa a hannunsa, in aka ce masa ga ƙwai, ba ya tsayawa gardama.

Ranar farko na ɗauki kwano na gangara. Gidan Selfina ne na ƙarshe, bayan busasshen rafi. Na tarar ta dawo daga ɗiban ruwa, wuyanta duk gumi. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta turo kwandon pinang, goron ƙasarmu, kamar yadda ake wa baƙo, ko da yake abin da ke ciki bai isa tauna ɗaya ba. Na buɗe kwanon, ƙamshin kifi ya tashi. Yabes da ke faskare ya ajiye gatari. Tirsa ta sauke Elkana daga kwankwasonta. Yaran Selfina ba sa roƙo. Tsayawa kawai suka yi suna kallon yatsuna ina ɓare ƙwan.

"Ku je ku tsinko mini zogale," uwar ta ce, ba ta dube su ba.

Suka tafi. Elkana na ganin Tirsa ta sha kwana ya ɓare baki. A bayanta ya girma, ita ya sani. Ya rinƙa kiran "Tisa! Tisa!" yana ture cokali. Na yi masa waƙa, uwarsa ta yi masa tsawa, ya datse baki kamar an ɗinke. Dole aka kira yarinyar. Ta zauna ta ɗora shi a cinya, tana gutsuro ƙwan tana sa masa a baki, maƙogwaronta na motsi duk sanda ya haɗiye. Ya cinye tas. Na ɗauki hoto, na hau tudun coci, don nan kaɗai waya ke kamawa, na aika.

Washegari Ibu Welmince ta kira ni.

"Mama, an ƙi karɓar hoton Elkana. An ce ga hannun wani yaro a cikin abincin."

"Hannun da ke ba shi ne!"

"Ni na sani. Wanda ke duba hotunan a birni bai sani ba. Ki ɗauka yadda hannun ba zai fito ba."

Haka na koyi ɗaukar hoton da ake yanke yarinya daga ciki.

Gidajen da nake zagayawa suna da yawa, wani a kan tudu wani a kwari, ga gwiwoyina sun fara yi mini gardama. Ba yadda za a yi in zauna har kowane yaro ya gama. In ya kai loma ta farko baki, in ɗauki hoto in yi gaba. Da wata ya cika muka rataya sikeli. Wasu yaran sun ɗan motsa. Elkana yana nan inda yake, ko gashi bai ƙaru ba.

Ibu Welmince ta sa aka sake aunawa. Ta dubi Selfina, mata sun kewaye mu a gindin tsamiya.

"Selfina, tsakaninki da Allah, shi kaɗai yake ci?"

Selfina ta tofar da jan yawun pinang gefe, ta goge baki da bakin zane.

"A'a."

"Me kika ce?"

"Na ce a'a. Da Mama Orpa ta ba da baya nake raba shi. Gwaiduwar tasa ce, farin na yayyensa. Kifin kuma in zuba a tukunyar masara kowa ya ji ƙamshi."

"Haba Selfina! Kin san abin da kike yi kuwa? Magani ne wannan, ba abincin gida ba ne. In likita ya ba ɗanki ƙwaya sai ki raba wa 'yan ɗaki?"

"Ibu, 'ya'yanki nawa?"

"Ɗaya."

"Shi ya sa."

Wasu matan suka yi ƙasa da kai, wata ta ƙyalƙyale da dariya ta toshe baki. Na ga fuskar Ibu Welmince ta canja. Yarinya ce mai kirki, a kan babur ta yi cikin ɗan nata tana bin ƙauyuka, kuma na san jiya-jiya aka gama yi mata faɗa a birni a kan yaran da ba su ƙaru ba. Ta sassauta murya.

"Saurare ni, Yaya. Ƙwaƙwalwar Elkana yanzu take ginuwa. Abin da ya ci bana shi zai bi shi har tsufa. Na Yabes lokacin ya wuce, ko ƙwai goma zai ci kullum ba zai mayar da abin da ya rasa ba. In kika raba uku, ba ki ceci ko ɗaya ba."

Selfina ta saɓa Elkana a kafaɗa. Ta nuna bakin hanya, inda Yabes ke tsaye da jarka yana jiranta.

"Ga shi can. Ki je ki faɗa masa lokacinsa ya wuce. Ki faɗa masa da bakinki, ni ba zan iya ba."

Ta yi tafiyarta. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, na duba maganar Ibu ban ga ƙarya ba, na duba ta Selfina ban ga ƙarya ba.

Ashe ba a ƙauyenmu kaɗai ake raba ƙwan ba. Ba a yi mako ba sabon umarni ya sauko daga birni: an daina kai abinci gida. Kowace uwa ta kawo ɗanta ɗakin taro da safe, ya ci a gaban idonmu har ya suɗe kwano.

Wanda ya rubuta wannan bai taɓa ɗiban ruwa da rani a wajenmu ba. Idon ruwa ɗaya ya rage mana, can ƙasan kwari, in mace ba ta bi layi da sassafe ba sai ta tarar da taɓo. Selfina ba za ta bar ruwa ta kawo yaro ba. Yabes shi ke taya ta ɗauka kafin ya ruga makaranta. Sai ya zama Tirsa ce ke goyo Elkana ta hauro da shi, daidai lokacin da ake kaɗa ƙararrawar shiga aji. In ya gama ci ta mayar da shi gida, kafin ta dawo an kusa tashi. Da farko tana zuwa a makare. Daga baya ta daina sa kayan makarantar ma.

Na ce a mayar da ciyarwar yamma. Aka ce hotuna ba sa shiga bayan rana ta take. Na ce to ni zan riƙa ɗauko shi. Na yi kwana biyu, yaro yana tsala ihu a bayana tun daga rafi har tsamiya, ya iso ya ƙi ci, gwiwata kuma ta kumbura kamar kabewa. Na haƙura.

A ɗakin taro an hana manyan yara shiga, don kada a ce sun sa hannu. Tirsa takan ba shi loma ta farko a bakin ƙofa don ya yarda, sannan ta fita ta zauna a dakali inda zai riƙa hango ta. A haka ya saba, ya fara ci da kansa. Wata safiya na lura ya gama, amma kumatunsa ɗaya a kumbure. Na zaci haƙori ne. Ya sauka daga benci, ya yi tagataga zuwa ƙofa, ya kama hannun yayarsa ya buɗe tafinta, ya tofa mata gwaiduwar da ya ɓoye, duk ta jiƙe da yawu. Ta ɗaga kai da sauri, muka haɗa ido. Ta daskare kamar wadda aka kama da sata.

Na juya na shiga tattara kwanuka. Ban san wanda ya koya masa ba. Ina jin ba wanda ya koya masa.

Da mutane suka watse sai ga ta ta dawo, goye da shi, tana murza yatsan ƙafa a ƙasa.

"Mama Orpa, ki auna ni mana."

"Don me, 'yar nan?"

"An ce wanda bai kai ba shi ake ba. Ni ma a ajinmu ni ce ƙarama, kowa ya fi ni tsawo. Ki gwada ni a katakon ki gani."

Na ce katakon na jarirai ne, ba zai ɗauke ta ba. Ta ce za ta lanƙwashe ƙafa.

A makon nan Pak Yermias, malamin ajinsu, ya tare ni a hanyar coci.

"Mama, ku kuka ɗauke mini ɗaliba?"

"Gwamnati ce ta ce a kawo ƙanenta."

"To gwamnati ce kuma ta ce tallafin iyali da uwarta ke karɓa, sai in yara suna zuwa makaranta. Na rufa mata asiri iya rufawa. Mai duba makarantu ya zo sau biyu bai gan ta ba. Ƙarshen wata dole in rubuta gaskiya, in na rubuta za a tsayar da tallafin."

"Yermias, ni na auna ka kana tsumma, har fitsari ka yi mini a zane. Yau kai ne za ka yanke wa Selfina abinci?"

"Ni kuma in rasa aikina, Mama? Ku can lafiya kuke wa aiki, ni ilimi. Ku daidaita tsakaninku mana."

"Mu daidaita da wa? Kai ka taɓa ganin fuskar wanda ke rubuto abubuwan nan?"

Ya ɗaga kafaɗa. Shi ma bai taɓa gani ba.

Na kwana ina juya abin, da safe na nufi gidan mai garinmu, Bapa Tobias. Na same shi yana ba zakarunsa tsaki. Na ce masa dabara gare ni. Kuɗin da ake kashewa a sayo ƙwai da kifi daga birni, rabinsu suna fashewa a hanya, a ba mu mu sayi wake da masara da ƙananan busassun kifi a nan, ga zogale ko'ina kyauta. Mu ɗora babbar tukunya bayan an tashi daga makaranta. Ƙananan su ci da ƙwansu, yayyensu su samu faten. Ba uwar da za ta raba komai a ɓoye, ba yarinyar da za ta bar aji.

Ya saurare ni har ƙarshe, yana gyaɗa kai.

"Maganarki dutse, Orpa. Amma kuɗin nan da sunansa ya zo. An rubuta ƙwai. In na sayi wake da kuɗin ƙwai, masu bincike su zo su tasa ƙeyata. Ke za ki riƙa kawo mini dafaffen ƙwai gidan yari, ki ɗauke ni hoto ina ci?"

"In ka tsumbure, me zai hana?"

Ya yi dariya har da tari, ni ban yi ba. Ya ce akwai taro a birnin gunduma na masu awon yara, manyan shirin duk za su zo, in je in faɗa musu da kaina tunda bakina bai mutu ba.

Na je. Na hau bayan motar kaya tare da aladu biyu da buhunan tsamiya, na sauka ƙura har cikin kunne. Ɗakin taron otal ne, sanyi kamar cikin randa, an liƙa ƙaton hoton wani jariri mai kumatu wanda na rantse bai taɓa shan ruwan kwarinmu ba. Aka yi jawabi, aka tafa, aka sake jawabi. Aka nuna mana zane-zane a bango, layi yana gangarowa, aka ce tsumburewa ce ke raguwa. Da aka ce ko akwai mai tambaya, na miƙe kafin Ibu Welmince ta kama mini zane.

Ban iya maganar taro ba. Na ba su labarin Selfina kawai. Na ce ga ƙwai ɗaya ga baki uku. Na ce kun ce a kawo ƙarami ya ci, babba ta kawo shi, kun ce tunda ta kawo shi za a yanke wa gidansu tallafi. Na ce kun ba da dama kun karɓe da hagu, kuma hannuwan biyu ba su san juna ba. Na faɗi maganar tukunya. Da na zo kan gwaiduwar da yaro ya ɓoye a kumatu sai na tsaya nan, na zauna.

Mata suka tafa, tafi na gaske, wata daga baya ta ce, "Mu ma haka!" Shugaban shirin, Pak Melkior, mai furfura da tabarau, ya karɓi lasifika. Ya gode wa uwa daga kan dutse. Ya ce shawara ce mai ma'ana, an rubuta, za a duba ta a tsarin baɗi. Sannan aka ce a tashi a ɗauki hoto.

Ina ƙofa ina neman takalmina sai ga shi ya biyo ni shi kaɗai.

"Mama, kada ki tafi da fushi. Ni ma ɗan dutse ne. Mu bakwai uwarmu take raba wa kifi ɗaya, na san abin da kike faɗa."

"To in ka sani, me ya hana?"

"Mun taɓa gwada tukunyar a wata shiyya. Kowa ya ɗanɗana, ba wanda ya ƙoshi, awon ƙananan bai motsa ba. A wasu ƙauyukan waken ma bai isa tukunya ba, a gidan masu gari ya tsaya. Shi ya sa aka kawo hoto, shi ya sa aka sa wa kuɗi suna. Abin da aka ba ni ba zai ciyar da kowa ba, Mama. Zane ne gajere, in na rufe kai ƙafa ta fito. Sai na zaɓi kai."

"Maganar makarantar fa?"

"Wannan ba ofishina ba ne. Zan rubuta musu."

"Za su amsa?"

Ya cire tabarau yana gogewa.

Na ce, "To Pak, in zanen gajere ne, ku daina tara mu kuna cewa kun rufe mu."

Aka ba kowaccenmu riga mai rubutu a baya da hula. Na dawo a bayan wata motar, ran nan da siminti.

Ƙarshen wata Pak Yermias ya rubuta gaskiya. Da ranar karɓar tallafi ta zo, Selfina ta bi layi har rana ta yi tsaka, aka ce mata nata an dakatar. In tana da ƙorafi ta je birni da shaidar makaranta da ta mai gari, a duba, wataƙila a zagaye na gaba. Ba ta yi faɗa ba. Na so ma ta yi. Ta dawo ta zauna a ƙofar ɗakinta tana ɓarzar 'yar masarar da ta rage.

Bayan kwanaki kaɗan ta aiko Yabes ya kira ni.

"Mama, Nimrot ya ce in taho. Ana ɗaukar mata watsa taki a gonar. Zan tafi da Elkana. Ɗakin da aka ba shi ba zai ɗauke mu duka ba, kuma babu makaranta kusa. Manyan zan bar su wajen kakarsu."

Kakar, uwar Nimrot, tsohuwa ce da ba ta ji sosai, ita kanta maƙwabta ke taimaka mata da ruwa.

"Selfina, saura mako biyu shirin ya ƙare. Yaron ya fara ƙaruwa, ke ma kin gani. Ki bari ya gama."

"In ya gama sai me?"

"An ce za a iya sabuntawa."

"An ce." Ta dube ni, ba da raini ba. "Mama Orpa, kin yi iya yinki, Allah ya saka miki. Amma ni yara uku na haifa. Gwamnati ɗaya take gani, shi ma na wata uku. Gara in je inda zan nemo wa ukun."

Ranar da za ta tafi muka raka ta bakin hanya inda motar birnin Kupang ke tsayawa. Elkana yana bayan Tirsa, yana wasa da kitsonta, bai san komai ba. Da motar ta zo uwar ta hau, aka kwance shi aka miƙa mata. Sai a lokacin ya gane. Ya rinƙa miƙo hannu ta tsakanin katakon motar yana kiran yayarsa, har muryarsa ta dushe. Tirsa ba ta yi kuka ba. Ta tsaya riƙe da zanen goyon, ta ninke shi, ta sake warwarewa, ta sake ninkewa. Yabes ya ce ruwa zai ƙare a kwari, ya ɗauki jarkarsa ya wuce.

Tirsa ta koma makaranta, amma an ce sai ta maimaita aji. Yabes ya daina zuwa. Yana fasa dutse a bakin hanya tare da manya, ana sayar wa masu gyaran titi, da abin suke cin abinci shi da ƙanwarsa da kakar. Gidan babu yaro ɗan ƙasa da biyar, don haka ba ruwan shirinmu da su. Tallafin kuwa da sunan Selfina yake, ita kuma tana wani tsibiri. Nakan kai musu abin da na samu, matan coci ma haka, amma shekarar kowa tukunyarsa a ɗage take.

Bayan shirin ya ƙare Ibu Welmince ta zo awon wata. Muka gama, mata suka watse, ta zauna a dakali ba ta tashi ba. Ta zaro wata takarda mai ado daga jaka ta ajiye a cinyata.

"Ta yabo ce. Ƙauyenku yana cikin waɗanda adadin tsumburarrun yara ya ragu."

"Ya ragu? Su wa suka fita?"

"Biyu sun haye layin awo da ƙyar. Ɗaya ya cika shekara biyar, an daina lissafa shi. Sai Elkana."

"Elkana ai bai haye ba."

"Ya bar gunduma, Mama. An cire shi daga namu."

Na dube ta, na dubi takardar.

"Ashe mun samu dabara. A turo babbar mota a kwashe sauran, mu ci kyautar ƙasa baki ɗaya."

Ba ta yi dariya ba. Idonta ya ciko, ta kawar da kai.

"Na kira asibitin da ke kusa da gonar tasu," ta ce. "Sun ce ba ya cikin nasu, tunda katin iyalinsu na nan ne. Yanzu ba na kowa ba ne."

Can ta share fuska da bayan hannu, ta ce ana jiranta a ƙauyen gaba, rana na yi. Ta sa hular kwano, ta buga babur, ya ƙi tashi. Ta sake bugawa, ya yi tari ya mutu. Ta zage shi, zagin da ban taɓa zaton ta iya ba. Na ajiye takardar a dakali, na ɗaure zanena, na tura ta da gurguwar gwiwata har gangara, sannan ya kama.